Tsakanin Siranta da Rama: Wa Ya Kamata Doka ta Kama?

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin nazarin ma'ana ya san cewa kalmomi biyu kan yi kama da juna, amma idan aka bi diddigi sai a tarar kowace da inda ta dosa. Alal misali, Bahaushe yana da "siranta", yana kuma da "rama". Idan aka ce wance siririya ce, to an siffanta halittarta ne kawai, kamar yadda za a ce doguwa ce ko wankan tarwaɗa ce. Amma idan uwa ta dubi 'yarta da ta dawo hutu daga makaranta ta ce, "Ke kuwa me ya same ki kika rame haka?" to wannan jaje ne, kuma tambaya ce mai neman dalili, ko ciwo, ko yunwa, ko damuwa. Ba a yi wa siririya sannu, ramammiya ake yi wa.

Na kawo wannan misali ne saboda wata muhawara da aka daɗe ana tafkawa a ƙasashen Turai da Amurka game da 'yan matan da ke tallan kayan ƙawa, wato waɗanda ke sanya sababbin ɗinkuna su yi tafiyar rangwaɗa a kan dandamali, ko a ɗauki hotunansu a mujallu. Da yawa daga cikinsu sun rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsu, wasu ma sun rasa rayukansu. Tambayar da ake yi ita ce: shin ya dace hukuma ta ƙayyade nauyin da mace za ta kai kafin a bar ta ta yi wannan sana'a? Ra'ayina shi ne lallai akwai buƙatar doka. Sai dai dokar da za ta yi amfani ita ce wadda ta iya bambance siranta da rama, wadda kuma ta riƙe wuyan mai ba da aiki maimakon ta kori yarinyar da ke neman abinci.

Abin da ya tayar da ƙura

A watan Agusta na shekarar 2006, wata 'yar tallan kayan ƙawa mai suna Luisel Ramos ta gama zagayenta a kan dandamali a wani bikin baje kolin tufafi a birnin Montebidiyo na ƙasar Yurugwai. Saukowarta ke da wuya sai ta yanke jiki ta faɗi, zuciyarta ta tsaya. Shekararta 22. Rahotanni sun nuna cewa ta shafe watanni tana rayuwa a kan ganyen latas da lemon kwalba marar sukari. A watan Nuwamba na wannan shekara kuma Ana Carolina Reston, 'yar ƙasar Burazil mai shekara 21, ta rasu a wani asibiti a birnin Sawo Fawulo. Tsawonta ya haura mita 1.70, amma nauyinta bai wuce kilo 40 ba. Ba a gama jimamin waɗannan ba, sai ga shi a watan Fabrairu na 2007 Eliana Ramos, ƙanwar Luisel, wadda ita ma sana'arta ke nan, ta rasu tana da shekara 18. Gida ɗaya ya binne 'ya'ya biyu cikin wata shida.

A shekarar 2007 ne kuma aka liƙa hoton wata Bafaranshiya mai suna Isabelle Caro a manyan allunan talla na Italiya, domin a nuna wa duniya yadda cutar ƙin cin abinci ke mayar da mutum ƙashi da fata. Ita ma ta rasu a 2010 tana da shekara 28.

Wannan cuta, wadda likitoci ke kira anoreksiya, ba sabuwa ba ce, domin tun a 1873 wani likitan Ingila mai suna William Gull ya raɗa mata wannan suna. Mai fama da ita kan ga kanta da ƙiba ko da ta ƙanjame, sai ta riƙa gudun abinci, ko ta ci ta je ta amayar. Idan abin ya yi nisa, jinin al'ada kan ɗauke, gashi ya zube, ƙashi ya yi rauni, bugun zuciya ya yi ƙasa, sinadaran jini su rikice har zuciya ta tsaya farat ɗaya. Tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

Yadda sana'ar ke haifar da rama

Ruwa ba ya tsami banza. Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa yarinya za ta kashe kanta da yunwa alhali ga abinci? Amsar tana cikin yadda aka gina sana'ar.

A wurinmu tela shi ke auna mutum sannan ya yanka yadi. A manyan gidajen ɗinki na Faris da Milan da Landan da Niyok abin ya juye. Mai zayyana tufafi kan ɗinka riga ɗaya tal ta gwaji, a kan ƙaramin awo, tun kafin ya san wadda za ta sanya ta. Bayan an gama ɗinki ne ake neman jikin da zai shiga rigar. Abin da aka saba nema shi ne mace mai tsawon mita 1.75 ko fiye, wadda faɗin kwatangwalonta bai wuce santimita 90 ba. Yarinya 'yar shekara 14 ko 15 mai tsawo kan iya cika wannan sharaɗi ba tare da wahala ba, domin jikinta bai gama buɗewa ba. Amma idan ta kai 18 ko 19, jiki ya fara zama na mace, sai dillalinta ya ɗauko tef ya ce ta rage santimita biyu ko uku idan tana son aiki. Ƙashin ƙugu kuwa ba ya raguwa, nama ne kawai ke zagwanyewa.

Bugu da ƙari, akwai maganar bashi. Yawancin 'yan matan nan baƙi ne a biranen da suke aiki. Ana ɗauko su daga Burazil, da Gabashin Turai, da Sudan ta Kudu, da ma nan Nijeriya. Kamfanin dillanci shi ke biyan kuɗin jirgi da na ɗaki da na hotuna, sannan ya rubuta su a matsayin bashi a kan yarinyar. Ke nan tun kafin ta taka dandamali ana bin ta kuɗi. A shekarar 2023 jaridar Sunday Times ta Birtaniya ta ba da labarin 'yan matan da aka ɗauko daga sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, waɗanda wasunsu suka koma sansanin hannu wofi, ga kuma bashi a kansu. Yarinyar da ke cikin irin wannan hali, ba ta jin harshen garin, ga bashi, ga iyaye a gida sun zuba ido, idan aka ce ta rage cin abinci, ina ta ga bakin musu?

Dokokin da aka gwada

Birnin Madrid na Sifaniya ne ya fara ɗaukar mataki. A watan Satumba na 2006 masu shirya makon baje kolin kayan ƙawa na birnin suka ce duk wadda ma'auninta na BMI bai kai 18 ba, ba za ta hau dandamali ba. Shi wannan ma'auni lissafi ne mai sauƙi: a ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa da mita wanda aka ninka da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar duk baligin da ya gaza 18.5 a matsayin wanda nauyinsa ya yi ƙasa, wanda ya gaza 16 kuwa ramarsa ta yi tsanani. Idan aka yi wannan lissafi da nauyin Ana Carolina, za a ga bai kai 14 ba. A ƙa'idar Madrid, mace mai tsawon mita 1.75 sai ta kai kimanin kilo 55.

A watan Disamba na 2006 gwamnatin Italiya da ƙungiyar masu ɗinkin ƙasar suka sa hannu a wata yarjejeniya da ta hana amfani da 'yan ƙasa da shekara 16, ta kuma nemi takardar likita. Sai dai alkawari ne kawai, babu hukunci a kan wanda ya saɓa. A Birtaniya, kwamitin binciken da aka kafa a 2007 ya ƙi amincewa da ma'aunin BMI, ya ba da shawarar hana 'yan ƙasa da shekara 16 da kuma neman takardar lafiya. Amma a 2008 aka watsar da maganar takardar, saboda sauran manyan biranen sun ƙi bin sahu.

Isra'ila ta kafa cikakkiyar doka a 2012, wadda ta fara aiki a 2013. Ta ƙayyade 18.5, ta kuma wajabta wa masu talla su bayyana idan sun yi amfani da kwamfuta wajen sirantar da hoto. Faransa kuwa, wadda ita ce uwa ma ba da mama a wannan harka, majalisarta ta amince da tata dokar a ƙarshen 2015, ta fara aiki a 2017. Da farko an so a sa lamba kamar ta Madrid, amma daga bisani aka bar wa likita ya duba lafiyar mutum gaba ɗaya ya ba da takarda. Wanda ya ɗauki yarinya aiki ba tare da takardar ba na iya fuskantar tarar Yuro 75,000 da ɗaurin wata shida. Har ila yau, daga watan Oktoba na 2017, duk hoton talla da aka gyara surar jiki a cikinsa dole a rubuta cewa an gyara shi. A wannan shekara ce kuma manyan kamfanoni biyu, LVMH da Kering, masu mallakar Dior da Gucci da wasunsu, suka yi alkawarin daina neman mata masu awo na 32, wanda ke cikin mafi ƙanƙanta a lissafin Faransa.

Shin an shawo kan matsalar? Da sauran rina a kaba. A shekarar 2025 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu hotunan kamfanonin Next da Marks & Spencer da Zara, saboda sun nuna mata cikin siffar rama marar kyau. Kusan shekara ashirin ke nan bayan rasuwar Luisel Ramos.

Hujjojin masu adawa da doka

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da hujjoji masu ƙarfi.

Hujja ta farko ita ce ma'aunin BMI ba likita ba ne. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet ne ya ƙirƙiro lissafin a ƙarni na 19, domin nazarin jama'a a dunƙule, kuma da jikin Turawa ya yi aikinsa. Sai a 1972 Ancel Keys ya ba shi sunan da ake kiransa da shi yau. Lissafin bai san ƙashi ba, bai san tsoka ba, bai san jinsin mutum ba. Mu da muka tashi tare da Fulani ba ma buƙatar dogon bayani. Akwai Bafulatanar da za ta sha fura da nono ta ƙoshi, ta yi tafiyar kilomita goma da ƙwarya a ka, lafiyarta ƙalau, amma idan aka ɗora ta a sikelin Madrid sai a ce ta faɗi. Haka abin yake ga dogayen matan Dinka na Sudan ta Kudu. A ɗaya gefen kuma, akwai wadda ke amayar da duk abin da ta ci, amma nauyinta ya haye lambar. Ke nan sikeli na iya korar siririya mai lafiya, ya ƙyale marar lafiya ta wuce. Ga shi kuma ana iya yi masa wayo, a ɗirki ruwa kafin awo.

Hujja ta biyu ita ce cutar ƙin cin abinci tana da dalilai da yawa, ciki har da gado da halin da mutum ya taso a ciki, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa masu ɗinki laifin duka. Wannan gaskiya ne. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wata likita ta Jami'ar Harvard mai suna Anne Becker ta yi nazari a wani yanki na tsibirin Fiji, inda a al'adance ake yaba mace mai jiki. A 1995, lokacin da talabijin ya shiga yankin, babu ko ɗaya cikin 'yan matan makarantar da aka tambaya da ta ce tana jawo amai don rage nauyi. Bayan shekara uku, a 1998, kimanin kashi 11 cikin ɗari suka ce suna yi. Hoto ba shi kaɗai ke haddasa cutar ba, amma yana hura mata wuta.

Hujja ta uku ita ce ta 'yanci: jikinta ne, ina ruwan gwamnati? A nan ne na rabu da su. Da a ce mace ce ta zauna a ɗakinta ta ga dama ta rage cin abinci, to wannan tsakaninta da danginta da likitanta ne. Amma a nan maganar aiki ake yi. Akwai mai ɗauka, akwai mai biya, akwai kuma sharaɗin da aka gindaya. Babu wanda ke cewa an tauye 'yancin lebura don an tilasta wa ɗan kwangila ya ba shi hular kwano. Idan sana'a ta kai ga sai mutum ya cutar da jikinsa kafin ya ci abinci da ita, to ta shiga hurumin dokar ƙwadago.

Inda ya kamata doka ta dosa

Kuskuren dokar sikeli shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Yarinyar da aka kora a bakin ƙofa ita ce ta yi asarar kuɗin yini, alhali wanda ya ɗinka rigar da ba ta shiga jikin lafiyayyar mace yana ciki yana karɓar tafi.

Akwai darasi a fagen wasanni. A gasar tsallen ƙanƙara, marar nauyi ya fi yin nisa a iska, don haka 'yan wasa suka riƙa horar da kansu da yunwa. A 2004 hukumar wasan ta ce duk wanda nauyinsa ya gaza ƙa'ida za a rage masa tsawon katakon da yake tsalle da shi. Ba a kore shi ba, an dai cire ribar da rama ke kawowa. Haka nan a tseren motoci na Formula 1, a 2019 aka ce za a lissafa direba da kujerarsa a kan kilo 80 aƙalla, wanda bai kai ba a cika masa da ƙarfe. Da yunwa ta daina biya, sai dalilin yin ta ya ragu.

Saboda haka, ga abubuwa huɗu da nake ganin sun fi sikeli amfani. Na ɗaya, a sa ido a kan rigar gwaji: a wajabta wa gidajen ɗinki su riƙa yin ta a kan awo fiye da ɗaya, kuma a haramta awon da sai mai jikin yarinya ƙarama zai shiga. Na biyu, kada a ɗauki 'yar ƙasa da shekara 18 ta yi tallan kayan manya. Kamfanin Kering ya yi wannan alkawari a 2019, alamar cewa abu ne mai yiwuwa. Na uku, a riƙa duba lafiya a kai a kai, a wurin likitan da ba kamfani ke biyansa ba, kuma wadda aka samu da ciwo a kai ta ga magani da kuɗin kamfanin, maimakon a sallame ta a ɗauko wata. Na huɗu, a tsare haƙƙinsu na ma'aikata. Jihar Niyok ta kafa wata doka da ta fara aiki a 2025, wadda ta tilasta wa kamfanonin dillanci yin rajista, ta kuma ƙayyade la'adarsu a kan kashi 20 cikin ɗari. Yarinyar da ba a ɗaure da bashi ba ita ce ke iya cewa a'a.

Mu fa, ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, mu da muke fama da tsadar abinci. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tun da Oluchi Onweagba ta lashe gasar Face of Africa a 1998, Agbani Darego kuma ta zama sarauniyar kyau ta duniya a 2001, idon dillalai ya dawo kan 'yan matanmu, kuma ma'aunin kyau ya fara sauyawa a biranenmu. Mu da ke karatu a nan Kudu kullum muna jin ana kiran wata "lepa", wata kuma "orobo", kuma mun san wadda ake zaɓa idan an zo gasar sarauniyar kyau a harabar jami'a.

Ban da haka, muna da namu nau'in ciwon, sai dai ya juya baya. A garuruwanmu na Arewa akwai 'yan matan da ke shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" domin su yi jiki kafin aure. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan an yi su ne don wasu cututtuka daban, kuma abin da suke kawowa kumburi ne, tare da haɗarin hawan jini da ciwon sukari. Wadda ke gudun tuwo a Faris da wadda ke haɗiyar ƙwaya a Kano duk abu ɗaya ke damunsu: wani ne ya yanka musu awo, su kuma suke azabtar da jiki don ya shiga. Kuma kamar yadda harshenmu ya raba siranta da rama, haka ya raba ƙiba da kumburi.

Kammalawa

A taƙaice, ina goyon bayan doka, domin shekarun da aka yi ana alkawarin gyara ba tare da hukunci ba sun nuna cewa kasuwa ba za ta gyara kanta ba. Amma ban goyi bayan a mayar da lamba ɗaya ta zama alƙali a kan jikin kowace mace ba. A bar siririya ta yi sana'arta, a kai ramammiya asibiti, tarar kuma a aika wa wanda ya ce sai ta rame zai ba ta aiki.

Daga ƙarshe, ina kira gare mu ɗaliban harshe, waɗanda gobe mu ne za mu zama malamai da 'yan jarida da masu fassara da marubuta tallace-tallace, da mu kula da kalmomin da muke jifan 'yan'uwanmu mata da su a aji da ɗakunan kwana. Idan ƙawarki ta fara tsallake abinci, tana ramewa ana yaba mata, kada ki shiga sahun masu yabo. Ki zaunar da ita ki yi mata tambayar da uwa ke yi, idan ta kama kuma ki raka ta asibitin makaranta.